Wata Huɗu Babu Kifi a Gidan Mai Banda

Yayata Mairam ta yi shekara arba'in da biyu tana bandar kifi a Gashuwa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta ce "wataƙila" ba. Idan ta ce gobe za a yi ruwa, aka wayi gari ba a yi ba, to hadarin ne ya yi kuskure. Ni ce ƙanwarta Sa'adiya, shekara bakwai ta ba ni. A gidanmu ni aka ba baki, ita aka ba hannu, kuma har yau kowa na riƙe da rabonsa.

A Nguru aka haife mu, a wata unguwa bayan tashar jirgin ƙasa. Babanmu ɗan dako ne a tashar, yana loda buhunan gyaɗa da na ƙaro a tarago tun safe har la'asar. Da aka sa ni makaranta, Ya Mairam ce ke goya ni idan damina ta yi, ta tsallakar da ni kududdufin da ke hanya, ta dire ni a ƙofar aji, ta koma gida ta ci gaba da surfenta. Na yi karatu na zama malamar bayoloji, na shekara talatin da biyu ina zana zuciya da huhu a allo, a gaban 'yan matan da hankalinsu ke kan abincin rana. Ita boko ko na rana ɗaya ba ta yi ba. Amma ko yanzu da na yi ritaya, idan ta ɗago ido ta kalle ni, gyara zama nake yi.

Mijinta Ibram Babade ne, masunci ɗan masunci. Ya kawo kifi kasuwar Nguru ta gan shi, ta dawo gida ta gaya wa babarmu cewa ta ga mijinta, aka kuwa yi yadda ta ce. Da gora yake yin su. Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya mai ɗan baki a sama. Mutum ya kifa cikinsa a kanta, ya yi ta tuƙi da hannuwa da ƙafafu yana bin ragarsa, kifin da ya ciro ya jefa cikin gorar. Shekara hamsin na wannan aiki sun ba shi kafaɗu da cinyoyin da tela ke ƙorafi a kansu duk salla. Ni da shi wasa muke yi irin na ƙanwar mata da mijin yaya. Yana kirana Malamar Kwaɗi, don ya taɓa jin cewa muna feɗe kwaɗo a aji, ni kuma ina ce masa Baban Tarwaɗa.

A wurin uwar mijinta ta koyi banda. Gangunan ƙarfe huɗu ne a tsakar gidan Ya Mairam, an yanke su an ɗora musu ragar waya. Tarwaɗa takan lanƙwasa ta, ta haɗa kai da wutsiya da tsinke ta zama zobe. Karfasa kuwa tsaga ta take yi ta shimfiɗa. Ba ta barin wuta ta yi harshe, hayaƙi kawai take so, kuma ba ta duba agogo. Ƙwanƙwasa kifin take yi da farce ta saurara, sai ta ce a sauke ko a ƙara masa. Fatake daga Kano da na kudu sun san kifinta ba ya tsutsa a hanya, shi ya sa suke jiran nata ko da na wasu na jibge. Hayaƙin ya rine mata tafin hannu ya ja mata ido, kuma duk zanin da ta ba ni kyauta sai na wanke shi sau uku kafin in ɗaura.

'Ya'ya shida ta haifa. Na farin, Babagana, ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya, da ciwon ƙoda. Wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne ba zai gane nauyin wannan kalma a Gashuwa ba. Da wuya ka zauna a majalisa ka rasa wanda ya binne wani nasa a kanta. Wasu su ce ruwan sha ne, wasu su ce maganin feshin gona, wasu su ce zafin rana ne. Masu bincike na ta zuwa suna ɗibar ruwa da jini, ni dai ban san amsar ba. Babagana da ƙafarsa ya shiga asibiti a yi masa gwaji, don ƙafafunsa sun ɗan kumbura. Wata bakwai aka yi ana jigila da shi wajen wankin ƙoda, uwarsa na riƙe da kansa a mota. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da ma ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, bayan rasuwar kuma ko "yaron nan" ta daina cewa. Tun daga nan ta ɗauki kumburin ƙafa a matsayin sallama da duniya, ta kuma tsani kalmar gwaji, don a ganinta ranar gwajin ce ɗanta ya fara mutuwa.

Bayan shekara huɗu aka yi ambaliyar da ta ci unguwannin bakin kogi. Ibram yana da shekara sittin da shida a lokacin, amma ya yi kwana biyar yana shiga ruwa tare da samari suna jera buhunan yashi. Zazzaɓi ya kama shi, ya juye ya zama ciwon haƙarƙari. Kwana tara ya yi a asibiti, aka yi masa allurai, ya warke, aka sallame shi. Ramar jinya kawai ta rage, irin wadda romo da 'yar zirga-zirgar tsakar gida ke mayarwa. Sai dai a gadon da ke kusa da nasa akwai wani mai ciwon ƙoda, kuma Ya Mairam na zaune lokacin da ake gaya wa 'yan'uwansa su rage masa nama da kifi da gishiri. Ba da ita ake ba. Ta dubi ƙafar mijinta, ta ga kamar ta ɗan tasa saboda kwanciya da ƙarin ruwa, sai ta ƙulle maganar a bakin zaninta ta taho da ita gida. Ita kuma ba ta san wani abu wai shi ragewa ba. A wurinta abu ko ana yi, ko an daina.

Sauran aikin 'yan dubiya ne suka ƙarasa shi. A wurinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana, idan ba ka kawo lemo ba sai ka bar shawara. Wata ta ce wake ma nama ne a ɓoye. Wani ya ce ƙwai ne ya ƙarasa ƙanensa. Aka soke nono, aka soke gyaɗa, har daddawa sai da aka yi mata shari'a ta faɗi. Abin da ya tsira shi ne koko, da kunun tsamiya, da tuwo da miyar kuka tsirara. Sannan ga ladabi. Dattijo ba ya jinya ya ɗauki ko cokali. Ɗansa Ikrima ya ɗaga shi, surukai su miƙo ruwa, Ya Mairam ta gyara filo. Ya fara salla a zaune don a daina ce masa kada ya wahalar da kansa, daga baya kuma ya zama ko ya so yin ta a tsaye ba zai iya ba.

Ni duk wannan ban sani ba, kuma laifina ne. Nguru da Gashuwa tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci. Gwiwa ta dame ni a lokacin, sai na wadatu da waya. "Ya Mairam, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Ni da na san mutanenmu ko rai na fita "da sauƙi" suke cewa, na karɓi wannan amsa har wata huɗu, don ita ta fi yi mini daɗi. Ikrima ne ya kira ni a ɓoye. Ya ce, "Anti, ki zo ki ga Baba. Jiya da hannu ɗaya na ɗaga shi."

Na isa da hantsi. Tun daga ƙofa hayaƙi ya tarbe ni, ganguna huɗu duk suna aiki, cike da kifin da take sarowa a hannun wasu masunta tun da nata ya kwanta. Na yi sallama na shiga ɗakinsa, sai na tsaya cak. Gefen goshinsa ya lotsa. Kafaɗun nan sun zama ƙashi biyu a ƙarƙashin riga. Tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, wadda masunci ke riƙe igiya da ita, ta zama rami. Ya ja bargo ya rufe cinyoyinsa, amma na riga na gani, gwiwar ta fi cinyar kauri. Ƙafafun kuwa daga idon sawu zuwa ƙasa sun kumbura har suna ƙyalli.

"Wushe, Malamar Kwaɗi," ya ce, irin sannun mutanen yankinmu. "Kin zo feɗe ni ne?"

Na kasa rama wasan. Na fita na tarar da yayata tana juya tarwaɗa.

"Ya Mairam, me yake ci?"

Ta faɗa mini ba tare da ta ɗago ba.

"Kifi fa?"

"Kifi yana cin ƙoda."

"Wane likita ne ya ce yana da ciwon ƙoda?"

"Ai kin ga ƙafarsa."

Na yi tsalle na dire. Na faɗi maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayarta. Na ce da hannunta take kashe shi, na ce a gidan da kifi ke tafiya har kudu a kwali an bar mai gidan yana mutuwa da yunwa. Ta ƙyale ni sai da numfashina ya ƙare, sannan ta ajiye tsinken da ke hannunta.

"Sa'a, kin taɓa riƙe kan ɗanki a mota daga nan har Kano?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"To ni na riƙe. Wannan ba zan riƙe nasa ba. In koko ne zai bar mini shi, koko zai sha."

Na kwana a gidan. Washegari da raina ya kwanta, na gwada abin da na iya, wato koyarwa. Ragar Ibram na rataye a bango tun kafin ambaliya. Na sauko da ita na shimfiɗa a gaban yayata, na ce tsokar mutum haka take. Zare ne sirara jere da juna, kuma kullum, ko mutum barci yake, jiki na bin su yana duba wanda ya tsufa. Idan ya samu sai ya maƙala masa wata 'yar alama, kamar yadda Ibram ke ƙulla tsumma inda raga ta ruɓe. A cikin ƙwayar tsokar kuma akwai abin da ke bin alamar nan, ya ja zaren ya daddatsa shi ƙanana. Wannan ba ciwo ba ne, gyara ne, muddin ana saƙa sabo a gurbinsa. Sabon zaren daga furotin yake zuwa, abin da ke cikin kifi da wake da ƙwai da nono. Gero ma yana da ɗan nasa, amma ba mai isar mara lafiya ba, balle an tsinka shi da ruwa ya zama koko.

Na ce mata jiki ba shi da rumbun furotin kamar yadda yake tara kitse. Tsokar ita ce rumbun. Idan bai shigo ta baki ba, hanta da jini da sauran kayan ciki ba za su jira ba, sai a kwance cinya a ba su. Zazzaɓi mai zafi na ƙara wa masu datsar nan hanzari, kwanciya kuma na gaya wa jiki cewa ba a bukatar ƙafar, sai saƙar ta ja baya. Dattijo kwana goma kacal a gado na iya cinye masa kusan kilo guda na tsoka, shi kuma ga wata huɗu. Kumburin ma, na ce, yana iya zama daga nan. Akwai furotin a jini mai riƙe ruwa a cikin jijiya, idan ya yi ƙaranci sai ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙafa. Ƙoda na kawo kumburi, yunwa ma na kawowa, kuma ido ba ya bambance su, sai gwaji.

Ni kaina darasin ya burge ni, ban taɓa yin mai kyansa a aji ba. Ya Mairam ta saurara har ƙarshe, ta naɗe ragar ta mayar inda take, ta ce, "Kin iya magana." Ta tafi dama koko.

Da la'asar ta fita bakin kogi tarar masunta. Na ɗauko tarwaɗa ɗaya daga kan waya, na ɓare ta a faranti, na kai wa Ibram. Ya kalle ta, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya ture farantin.

"Mayar, Malama."

"Kai ma ka yarda ƙoda ce?"

"Ni ma na yi jinyar Babagana. Na san fitsarinsa, na san aman da yake yi, na san yadda numfashinsa ke wari. Ba ni da ko ɗaya. Yunwa nake ji."

"To don me ka yi shiru wata huɗu?"



"Satin farko na sa Ikrima ya sayo mini tsire. Ta shigo ta tarar ina ci. Ta zauna a bakin ƙofar can, kwana biyu ko loma ba ta iya haɗiya ba. Shekara arba'in ban taɓa ganin matar nan tana jin tsoro ba, ko ranar jana'iza. Sai na ce, to, koko ai ba ya kisa."

"Yana kisa," na ce.

"Yanzu na gani. Amma ba zan ci a bayan idonta ba. In zan ci, daga hannunta."

Na ji tausayinsu, na kuma ji haushinsu su biyun, har na rasa wanda zan fara yi wa faɗa. Na mayar da tarwaɗar kan waya na zauna a tsakar gida na yi kukana.

Shi ne ya warware abin, ba ni ba. Da ta dawo ya kira ta, ya ce in tsaya in ji.

"Mairam, gobe a kai ni Nguru a gwada. In ƙodar ce, kin yi iyakar ƙoƙarinki, sai ki ba ni kifi in tafi da ɗanɗanonsa. In ba ita ba ce, ki ba ni in tashi. Ba mutuwar nake gudu ba. Ɗana ne ke kai ni bayi, yana tsaye a ƙofa yana jira in kira shi. Shi ne ba na so."

Karo na farko ke nan da ya faɗi abin da ke cin ransa. Ya Mairam ta leƙa waje ta ce wa Ikrima ya nemo mota.

A motar ta sa shi ya zauna gaba, ita ta zauna baya da carbinta. Likitar da ta duba shi wata matashiya ce mai suna Salma, wadda ta rusuna ta gaishe ni ta ce na koyar da ita. Ban tuna ta ba, amma na yi kamar na tuna. Aka ɗebi jini da fitsari, muka zauna a inuwar bishiyar maina har bayan azahar kafin a kira mu.

"Mama, ƙodarsa lafiya take, daidai da shekarunsa," in ji likitar. "Jininsa ya yi ƙasa, furotin ɗin jikinsa ma ya yi ƙasa. Abinci yake so, da motsi."

Ta ƙara da cewa ko mai ciwon ƙodar ma ba a hana shi gaba ɗaya, aunawa ake yi, kowa da adadinsa. Ya Mairam ta ce a sake faɗa. Aka sake. Ta ce a nuna mata inda aka rubuta, ita da ba ta karatu. Likitar ta ɗora yatsa a kan lambar, ita ma ta ɗora nata, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ta tambaya a hankali, "To ni na yi masa wannan?"

Na buɗe baki, Allah ya taimake ni na rufe.

"Ciwon ne ya fara," in ji likitar. "Kwanciya ta ƙara, rashin abinci ya ƙara. Yanzu ke za ki gyara."

Ta gindaya sharaɗi biyu. A ba shi kifi ko ƙwai ko wake sau uku a rana, kaɗan-kaɗan da farko don cikin ya saba. Na biyu kuma, abinci kaɗai ba ya zama tsoka sai tsokar ta yi aiki ta nema, saboda haka kada a ƙara ɗaga shi a abin da zai iya gwadawa. A tsaya kusa don kada ya faɗi kan wani abu, amma hannu a baya.

Na farkon ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Ta zaɓi karfasa ɗanya ta yi romo, ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta kai masa da kanta. Ya shanye, ya yi hamdala, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Kowace safiya sai ta latsa ƙafarsa da yatsa ta duba ramin da ya bari. Ramin ya yi ta raguwa, har ranar da ta latsa fatar ta dawo nan take.

Na biyun ne ya gagare ta. Na tare a Gashuwa na wani lokaci, aikina ɗaya, gadin hannun yayata. Muka cika safa da yashi muka ɗaura masa a idon sawu yana ɗagawa daga zaune. Daga nan ya fara tashi daga kujerar roba, sau uku, sau biyar, sau goma, a duƙe, yana dafe da bango. Da ya yi nishi sai in ga Ya Mairam ta taso. In ce, "Ya Mairam!" Ta harare ni ta koma. Sau biyu na kama ta tana tallafe da gwiwar hannunsa, ta ce wai ƙuda take kora. Azumin shekarar ma likita ta hana shi, shi ma sai da aka yi daru. Tsoka ta fi saurin tafiya a kan dawowa, balle ta dattijo. Abin da wata huɗu suka kwashe har yau bai dawo duka ba, kuma bai sake hawa gora ba.

Tashi daga kujera daban, tashi daga ƙasa daban, kuma na ƙasan shi ne burinsa. Wata safiya cikin bazara yana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, Ikrima ya fita aiki, sai muka ji ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake." Ni ina jingine da ƙafar rumfar, kusa da shi. Ya Mairam na tahowa da bokitin ruwa. Ta ajiye shi, ta kai hannuwanta baya, ta kama ɗaya da ɗaya.

Ya juya ya durƙusa a kan gwiwoyi da tafuka. Ya kawo ƙafar dama gaba ya kafa ta. Ya yunƙura, cinyar ta kama rawa, ya koma ya zauna daɓas. Daga inda nake ina jin numfashin yayata. Ta yi taku ɗaya ta tsaya. Ban ce mata komai ba, ita ta tsayar da kanta. Ya huta, ya cire hula ya share gumi da ita. Karo na biyu ya kai rabi ya dawo a kan gwiwa, fatar ta ɗan fashe, jini ya fito. Ta rufe ido. Hawaye na bin fuskarta, ba ta sako hannu ta share ba, don ta san in ta sako su ba fuskarta za su nufa ba.

Karo na uku ya ɗora tafukansa biyu a kan gwiwar da ya kafa, ya yi bismilla, ya danna. A hankali ya yi sama yana tangaɗi, ya jawo ɗaya ƙafar, ya tsaya a duƙe yana haki. Sannan ya saki gwiwar ya miƙar da bayansa gaba ɗaya, bai dafa komai ba. Ya yi taku uku ya tsaya a gabanta.

Ta buɗe ido. Ta dubi inda ta saba ganin fuskarsa, ta tarar da maɓallin riga. Sai da ta ɗaga kai.

"Ashe haka kake da tsawo," ta ce. "Na manta."

"Matsa mini, Mairam, zan wuce."

Ta matsa. Ya ɗauki butar da ke kan dakali, ya nufi bayan gida a hankali shi kaɗai. Ita kuma ta tsaya tana kallon bayansa, hannuwanta na nan a baya ba ta sake su ba.